Rasuwar Shiga-Rumbu, Babur ɗin Almustapha

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Almustapha na Maska nake sanar da dangi da abokan arziki rasuwar babur ɗina, Shiga-Rumbu, jiya Talata da hantsi a wajen makanike a Funtua, bayan shekara tara a kan hanya.

Marigayin ya zo hannuna ba shi da suna. Ni na cire masa salansa don ya yi ƙara, na ƙara masa madubi huɗu, na yi wa kujerarsa jar geza. Masara, waken suya, auduga, bai taɓa ƙin buhu ba.

Ga waɗanda ba su san asalin sunan ba: wata rana da kaka, Malam Maiwada, kwamandan 'yan sintirin unguwarmu, ya jera mutanensa goma sha biyu yana koya musu yadda namiji ke tarar ɓarayin daji. Sai marigayin ya shawo kwana ya yi tari: tau! tau! tatatau! Aka waiga, babu kwamanda. Iya Tsohuwa ce ta tsince shi a rumbunta, kai cikin dawa, ƙafafu a sama, wando sharkaf. Tun ranar babur ya zama Shiga-Rumbu, rundunar kuma 'Yan Rumbu.

Jinyarsa ba ta yi tsawo ba. Ranar Juma'a na kafe shi lafiya lau, na dawo na tarar yana shaƙewa. Da makanike ya buɗe cikinsa, yashi ya kwaso, kwano guda. Ba mu zargi kowa ba. Mun dai san ran Asabar za a sake zaɓen kwamanda, kuma akwai mai son a manta da zancen rumbu kafin nan. Maganar marigayin ta ƙarshe ita ce fut... fut...

Ya bar ni, da madubi uku masu rai, da ƙanne babura goma sha bakwai a tashar 'yan acaɓa, waɗanda suka cire salansa saboda juyayi, aka rubuta musu sunansa a baya.

Za a yi jana'iza ran Asabar da safe, kafin zaɓe. Ƙannen za su rako gawar a amalanke, a zagaya gidan Malam Maiwada sau uku, a rataye tankin man marigayin a dalbejiyar ƙofarsa. Kwamanda kada ya damu da ƙarar. Iya Tsohuwa ta share rumbun, har ta jingina masa tsani.