Dawar Malam a Durom ɗin Shara

"Lafiya lau, amaryata. Ya kwanan tsufa? Gwiwoyin sun yarda sun tashi tare da ke yau?"

"Sun tashi, ango. Kai ne dai ba ka gama tashi ba. Ji ido kamar na kwaɗo."

Naziru ke nan da kakarsa Iya Fadima, wata Laraba da safe a gidansu na Gwarinpa, a Abuja. Shekara biyu ke nan da rasuwar mijinta Malam, aka raba gona, aka taho da ita daga ƙauyensu na wajen Malumfashi. Tun daga ranar ba ta bar jikan nan ya sha ruwa da daɗi ba, shi ma bai raga mata ba. Ma'aikacin gwamnati ne fa, da ofis da komai, amma in ya durƙusa gabanta sai bakinsa ya kwance.

"Yau kam ki gode mini. Na fitar miki da shara."

"Lalle! A kira maroƙa, namiji ya ɗauki shara."

"Ba ɗauka ake yi ba yanzu, turawa ake yi. Hukuma ta ba kowane gida koren durom mai taya, mota ta zo ran Laraba ta kwashe. An daina ƙone-ƙonen nan naki da kika kusa korar unguwa da hayaƙi."

"Toka taki ce, jahili mai takalmi."

"To takin me za ki yi a Abuja?"

"In zuba maka a ka, ko hankali zai tsiro. Ni ka bar ni da Surajo baban bola. Ko yaushe na kira shi zai turo kurarsa, ya gaishe ni, ya share mini ƙofa. Motarku ko sannu ba ta iya ba."

"Ashe Surajo kike so! Shi ya sa kullum tuwona ke raguwa."

"Da tsohuwar zuma ake magani, yaro. Manema suna nan reras."

"Su zo su ɗauka, har kura zan yi musu haya. Amma Iya, shararki akwai nauyi wallahi. Sai da na yi nishi. Me kike zubarwa ne, haƙoranki?"

"Wace shara? Tawa tana cikin tsohon bokiti a bayan kicin."

"Koren durom ɗin nan dai, na bayan ɗakinki."

Iya ta ajiye kofin kokonta. Naziru ya jira baƙar magana, ba ta zo ba.

"Naziru," ta ce, kuma rabon da ta kira sunansa har ya manta. "Dawar Malam ce a ciki."

Ashe kaurar da Malam ya zaɓa da hannunsa ce a girbinsa na ƙarshe, zangarniya zangarniya, ya ware ta don iri. Iya ta sussuke ta, ta cuɗe da toka saboda ƙwari, ta ɗaure a buhu ta taho da ita. Ɓeraye suka addabe ta. Da aka kawo durom sabo fil, ga murfi ga tsabta, sai ta ce wannan ai rumbu ne, Allah ya yi wa hukuma albarka. Ta wanke shi ta saka buhunta. Ba wanda ya gaya mata, ita ma ba ta gaya wa kowa ba.

Can bakin titi mota ta danna hon.

Kai! Naziru bai san lokacin da ya tsallake tabarma ba. Takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu, ya bangaje ƙofa yana ihu, "Ku tsaya! Don Allah ku tsaya!"

Motar na tsaye, bakinta a buɗe tana taunar sharar maƙwabta. An riga an ja durom ɗin har gindinta. Wani dattijo mai furfura a gemu, cikin rigar aiki, ya ɗaga murfin ya zura hannu, bai juye ba.

"Oga, wannan ba shara ba ne," in ji shi. "Wa ya sa toka? Mutum ba ya sa toka a abin da zai zubar. Iri ne."

"Iri ne, Baba. Allah ya saka. Ya sunanka?"

"Ɗanladi. Ni mutumin Kwali ne, nan bayan Abuja, da fartanya na tashi. Aikin mota na safe ne kawai."

Sai ga Iya ta fito tana dogara sanda, mayafi a karkace. Ta leƙa durom, ta ga buhunta, ta sauke numfashi. Nan take bakin ya dawo.

"Ka gani ko? Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Digiri biyu, bai san abinci da shara ba."

"Ni ne na mai da bola rumbu?"

"Kai ne ka tura kakanka bakin titi."

"Malam ma da yana nan sai ya sake ki a kan wannan."

"Ya sake ni? Shekara hamsin da ɗaya ko tari bai yi mini da ƙarfi ba."

Ɗanladi ya hure tokar, ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya ciza, ya duba cikinta.

"Mama, irin nan ya kwana biyu. In daminar bana ya wuce ba a shuka ba, ba zai fito ba kuma."

"Na sani, ɗana." Ta waiga ta dubi tsakar gidan, siminti tun daga ƙofa har katanga. "A ina zan shuka?"

Kunya ta kama Naziru, da tausayi. Shekara biyu yana tsokanarta safe da yamma, bai taɓa tambayar abin da take zagayawa dubawa a bayan ɗaki ba.

Direba ya sake danna hon. Iya ta ɗaga masa sanda, ya yi shiru.

"Kai Ɗanladi, ƙasarku ja ce ko baƙa?"

"Ja ne, Mama. Dawa yana son shi."

"Ruwa na kwanciya?"

"Ba ya kwanciya, tudu ne."

"Kana da wurin da ba ka shuka ba?"

"Akwai gefe ɗaya, wajen ɗorawa. Matata Lucy ta ce gyaɗa, amma zan roƙe ta."

Iya ta daɗe tana shafa bakin buhun. Sannan ta janye hannunta.

"Ɗauki. In ta yi, ka ci, ka ware iri, ka ba wani. Sunan mai ita Malam Haruna."

Ɗanladi ya goge hannuwansa a riga, ya karɓa da hannu biyu, ya kai buhun gaban mota, ba baya ba.

"Ranar shuka ni zan kai ki Kwali," in ji Naziru.

"Kai? Ka iya bambanta dawa da ciyawa?"

"Na iya bambanta amarya da tsohuwa, kuma duk da haka na zauna da ke."

Dariya ta ƙwace wa Iya, har tana share ido da bakin mayafi.

"To, ka ci gari yau, ja'iri. Da ba ka yi wautar nan ba, da a hannuna za ta mutu. Matso."

Ya sunkuyo. Ta buɗe tafinta, ashe ta rage 'yan ƙwayoyi. Ta zuba masa a aljihun farar rigarsa, toka ta ɓata gaban rigar duka.

"Ramin farko kai za ka zuba. Da na gida ake fara shuka."

Ta kai hannu za ta kaɗe masa tokar, ya riƙe hannun.

"Bar ta, Iya. Haka zan je ofis."