Jan Fenti a Bangon Suruki

Wani ne a unguwarmu, can yammacin Umdurman, bayan Kasuwar Libiya, inda iyayenmu suka sauka daga gonakin Jazira kowa ya dafa ƙasa ya ce nan ne nasa. Ba takarda, ba titi. In ka ga sarari ka kwaɓa laka, in maƙwabci ya yi magana ka ba shi shayi.

Mutumin nan ɗan dako ne a kasuwa. Ya kamu da son Awadiyya, 'yar Baba Haliru, wadda ke sayar da shayi a gindin darbejiyar bakin tasha. Kullum sai ya zauna ya yi ta sha, bai iya ce mata komai ba sai "Ƙaro sukari." Ita kuma ta jefa masa ganyen na'ana'a ba tare da ya tambaya ba. Duk tashar an san abin da na'ana'ar nan ke nufi.

Ya tura manya. Baba Haliru ya ce, "Yaron kirki ne. Amma ɗakin nan nasa, hukuma ta san da shi? Ni ba zan kai 'yata inda za a tashe ta da goyo ba. Ya nuna mini gwamnati ta amince da wurin, in ba shi."

Ana nan sai ga masu awon ƙasa sun shigo unguwa da igiya da turaku da gwangwanin jan fenti. Su auna nan, su auna can, su zana ƙaton gicciye a bangon wani, su tsallake na wani. Ba su yi mana bayani ba, mu ma ba mu tambaya ba, don kada a ce mu 'yan ƙauye ne.

Suka zo ɗakin mutumin, suka duba taswira, suka wuce.

Ya bi su da gudu. "Ya muhandis! Injiniya! Ni fa?"

"Kai ba ruwanmu da kai."

"Ba ruwanku da ni? Me na yi muku? Abdulmun'im da ya zo jiya-jiya kun sa masa, har da turken jakinsa!"

"Ya zol, bawan Allah, je ka yi godiya."

Ya dawo ya tara mu. Ya ce shi ya san wannan aikin tun yana yaro. A Jazira, in mai duba auduga ya zo, buhun da ya karɓu shi ake sa wa jan alama. Wanda ba a sa wa ba, mai shi ya san inda zai kai kayansa. Tsofaffi suka gyaɗa kai suka ce haka ne, wallahi haka ne. Abdulmun'im ya yanka zakara. Mu da aka tsallake muka wuni ba walwala.

Washegari mutumin ya shiga Kasuwar Libiya ya sayo fenti, ja wur, wanda ya fi na gwamnati kyau. Ya zana gicciye a gaban ɗakinsa, daga rufi har ƙasa. Ya ja da baya ya duba, ya ce kada su ɓullo ta baya su rasa gani, ya zana a bango huɗun duka. Har ƙofa.

Muka yi layi da kwanoni muna roƙon ɗan ragowa. Ya rungume gwangwani ya ce, "Ku yi haƙuri, 'yan uwa. Suruki ne a gaba."

Ya je gidan Baba Haliru, shi ma an tsallake shi. Tsohon na masallaci. Ya zaɓi bangon da ya fi faɗi, na banɗaki, ya juye masa sauran fentin duka. Muka watse muna cewa ba mu taɓa ganin marowaci irinsa ba.

Da Baba Haliru ya dawo ya tsaya ya daɗe yana kallo.

"Wannan fa?"

"Baba, na sa baki ne aka shigar da ku."

"Kai ke nan ka san manya?"

"To, Baba, ana dai taɓawa."

Baba Haliru ya ce, "Madalla. Bari mu ga ƙarshen aikinsu, sai a sa rana."

Ba a rufa wata ba sai ga katafila da hantsi, tana tafe tana aman hayaƙi. Mutumin ya ce ai titi za a shimfiɗa wa masu alama har bakin ƙofa. Ya sa jallabiyar Juma'a, ya karɓo shayi wajen Awadiyya, ya kai wa direba.

"Sannu da zuwa, ya usta, gwanin direbobi. Ga nawa can, mai alama huɗu. Don Allah ka fara da ni, aure zan yi."

Direba ya kurɓi shayi ya dube shi. "Kai ne mai shi?"

"Ni ne."

"Ka fitar da kayanka?"

"Kaya na ciki, ai ba ƙura za ka tayar da yawa ba."

Direba ya ce, "Na daɗe ina wannan aiki, ban taɓa ganin mai tawakkali irinka ba."

Tura ɗaya ya yi. Ɗaki ya durƙusa. Ƙafar gado ce kaɗai ta leƙo.

Mutumin na tsaye da tire a hannu, baki buɗe. Kafin ya ajiye tiren, direba ya hango ja na walƙiya a gidan Baba Haliru, ya murɗa sitiyari. Awadiyya ta yar da ludayi ta sheƙo a guje tana ihu, amma bango ya riga ya tafi. Da ƙura ta lafa, sai ga Baba Haliru a tsugune da buta, yana kallon unguwa, unguwa na kallonsa.

Mu da fenti bai ishe mu ba, kowa ya koma gida ya shafa bangonsa ya ce dama shi tun farko bai yarda da zancen ba.

Waɗanda aka rushe wa gida don titi, lajna, wato kwamitin rabon filaye, ta ba su wasu filayen da takarda. Mutumin ya je shi ma.

"Ɗakinka ba ya kan titi. Wa ya sa maka alama?"

"Taimaka muku na yi."

"To koma filinka."

"Sai ku ba ni takardarsa."

"Takarda ta mai gini ce a tsaye. Ina gininka?"

"Ku kuka rushe!"

"To ka shiga sabon rabo. Kana da mata?"

"Sai na sami fili za a ba ni."

"Mu kuma sai mai mata muke ba fili. Na gaba!"

Ya koma gindin darbejiya ya zauna, ko sukari bai ce a ƙaro ba. Awadiyya ta dube shi, ta jefa masa na'ana'a, ta rufe tukunya ta nufi gida. Ta tarar da mahaifinta yana kafa buhuna inda bango yake a da.

"Baba, ku ba shi ni."

"Wa? Wannan? Ki sake faɗa ki gani!"

"Baba, in ya zauna ba aure, nan zai ci gaba da zama kusa da ku, yana neman abin da zai yi ya faranta muku rai."

Baba Haliru ya saki buhu.

"In kuwa ya yi aure, lajna za ta ba shi fili a sabon rabo. Can bayan duwatsu."

"Da nisa?"

"Sai an sauya mota, a hau raksha mai ƙafa uku, sannan a taka da ƙafa."

"Ana sayar da fenti a can?"

"Ko ruwa sai jaki ya kai."

Baba Haliru ya ce, "A ɗaura ran Juma'a."

Ranar lallen ango aka zaunar da mutumin a kan gadon aro, mata na guɗa, abokai na ɗaga hannu suna kaɗa yatsu. Gwaggonsa Huseina ta matso da kwanon lalle ta ce ya buɗe tafi. Ya leƙa kwano. Ya cusa hannuwa a hammata.

"Gwaggo, wannan in ya kama, ja yake yi ko?"

"Ja wur, in Allah ya so."

"To a bar ni haka. Na ga abin da ake yi wa mai jan alama."

Gwaggo Huseina ta fizgo hannun ta danna masa lalle a tafi.

"Miƙo ɗayan, sakarai. Da alama da ba alama, katafilarka na can gidan Haliru ana yi mata turare."