Jakina, Tsamiyata da Masu Kallon Tsuntsu

Litinin ɗin makon jiya na dawo daga sharar gona da hantsi, na tarar jakina ya sa fararen safa. Ƙafa huɗu, daga kofato har gwiwa, fari fat, kamar malamin ofis zai je ɗaukar hoto. Yana tsaye a gindin tsamiyata inda na ɗaure shi, ita ma tsamiyar an shafe gindinta da fari har ƙugun mutum. Na tsaya na yi salati.

Maƙwabcina Maiwada, wanda bai taɓa rasa labari ba sai dai aikin yi, yana zaune a kan wani tsohon turmi yana ƙyaƙyata dariya.

Na ce, "Maiwada, wa ya yi wa jakina wannan wulaƙanci?"

Ya ce, "Wulaƙanci kuma, Bala? Ai ƙarin girma ya samu. Umarni ne daga sama, duk abin da ke tsaye a bakin hanya a shafa masa farar ƙasa. Leburori suka zo suka same shi a tsaye."

"Ba su ga yana motsi ba?"

"Jakin naka? Yaushe rabonsa da motsi? Ni ma da na hango sun doso da bokiti, zama na yi."

A bakinsa na ji sauran zancen. Wai ana wani babban taro a birni, masana sun zo daga ƙasashe nesa da kusa, farare da baƙaƙe, suna shawarar yadda za a kiyaye daji da tsuntsaye da namun dawa. In sun gaji da zaman kujera, ranar Alhamis za a ɗebo su a doguwar mota a kawo su nan Toranke shan iska, su ga tafkin da ke gabas da gari, inda gauraka da dinya da kirinjijiya ke taruwa da bazara, su kuma ga al'adunmu.

Jama'a, ni ba ni da rigima da baƙi. Bayan farin da muka sha shekarun nan, duk wanda ya ce a bar itace ya rayu, ɗan'uwana ne, ko da hancinsa ya kai zira'i. Rigimata da mai masaukinsu ce.

Ba zan faɗi sunansa ba, don ina da iyali. Mu dai nan Mai Girma Sarkin Tarba muke ce masa. Mutum ne mai albarkar jiki, cikinsa kan riga shi fitowa daga mota ya gaisa da jama'a kafin shi ya iso. Ana ta cewa babu fetur a birni, masu mota na kwana a layi, kananzir ma ya ɓace daga kasuwar Ajingi har matanmu sun koma fitilar man gyaɗa. Amma farar motar Mai Girma safe tana nan, yamma tana nan. Allah ya ƙara arziki, ina jin ita da ruwan rijiya take tafiya.

Kuma a faɗi gaskiya, mutumin ya iya tarbar baƙi. Ya ce a faɗaɗa hanya, aka sare sabara da geza dama da hauni. Ya ce kada ƙarangiya ta kama wandon baƙo, aka cinna wa ciyawar bakin tafki wuta, har da inda tsuntsaye ke ƙwai. Ya ce baƙi na son inuwa, aka sassaro rassan itatuwan da ke ba da inuwar aka yi rumfa. Ya ce ba a sallamar babban baƙo da wake, aka tura maharba neman nama. Ina maharbi zai sami nama da bazara in ba bakin ruwa ba? Suka nufi tafkin.

Duk wannan na haɗiye. Sai Mai Girma ya zo ya tsaya a ƙofar gidana, ya dubi kwanar da hanya ta yi, ya dubi tsamiyata, ya ce doguwar mota ba za ta iya shan wannan kwana ba. A sare.

Tsamiyar nan kakana ya shuka ta. A gindinta aka raɗa mini suna, a gindinta aka sallaci ubana. Duk azumi, kunun unguwarmu daga kanta yake fitowa, ban taɓa hana kowa ba, har Maiwada da ke ɗiba da buhu. Kuma tun ina yaro, duk shekara shamuwa a kanta take sauka ta yi sheƙa.

Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, baƙin nan ba itatuwa suka zo kiyayewa ba?"

Ya ce, "Na daji, dattijo. Wannan ta gari ce, ba ta cikin tsari."

"To su sauka su taka mana. Daga nan zuwa tafki ko tsohuwa da tulu tana zuwa."

Ya dube ni kamar na zagi gyatumarsa. "Manyan baƙi su yi tafiyar ƙasa? Me za a ce da ni a birni?"

Nan take ya sa aka kira Gwadabe masassaƙi, ya ce kafin Alhamis yana so ya ga kututture. Gwadabe ya ɗaga kai ya ga shamuwa kwance a kan ƙwai, ya sunkuyar da kai ya ce, "To, ranka ya daɗe."

Ku mutanen birni ba ku san wannan "to" ɗin ba. Mu nan ba ma ce wa babba a'a, ba haka aka rene mu ba. Sai mu ce to, daga nan kayan aiki su kamu da ciwo. Shamuwa ita ke rigan ruwa isowa, ko yaro mara ji ba ya jifanta. A shekarar da kowa ya zuba wa gabas ido, iri na cikin ƙwarya, wane mai hankali ne zai kayar mata da sheƙa ya kuma shiga masallaci a yi sahu da shi?

Talata ƙotar gatarin Gwadabe ta karye, ƙotar da ta shekara goma tana saran kirya. Laraba ya ɗauki ruwan gatarin ya tafi Ajingi wurin maƙeri, aka ce maƙerin ya tafi suna a garin Balan, shi ma ya bi shi don ya yi barka. Aka aiko neman aron gatari gida-gida, sai ga shi kaf Toranke babu mai gatari. Namu ma na neme shi na rasa. Na tambayi mai ɗakina Hure, ta ce, "Malam, wane gatari? Mu da haƙori muke faskare." Daga baya na gan shi a cikin rumbu, an lulluɓe shi da dawa kamar jariri.

Na fara murna, ashe da saura. Alhamis da sassafe sai ga farar mota da ƙarti biyu daga birni, riƙe da wani zarto mai inji wanda ba ya jin "to". Hure ta leƙo ta kan danga tana share ido da bakin zane. Ni kuwa na zauna a kan turmin Maiwada. Ƙato ɗaya ya ja igiya, zarto ya yi tari irin na tsohon mai shan taba, ya yi shiru. Ya sake ja, ya sake tari.

Mai Girma ya daka tsawa, "Me ya same shi?"

"Yallaɓai, babu mai."

"Ina galan ɗin da aka ba ku?"

"Ai shi ka ce a juye a motarka jiya, yallaɓai."

Ya ce a zuƙo daga motar. Ƙaton ya zura roba a tanki, ya kafa baki, ya ja, ya shaƙe, yana tofarwa yana kiran sunan uwarsa. Ana cikin haka Maiwada ya miƙe ya nuna yamma ya ce, "Ga baƙinku can!" Ashe masu kallon tsuntsu ba sa jiran rana ta take, sun yi sammako. Mai Girma ya fizge tabarmar da nake salla a kai, ya rufe zarton da ita, ya tsaya a gabanta yana gyara hula.

Doguwar mota ta zo kwana, ta gwada, ta ja da baya, ta haƙura. Baƙi suka sauka. Kun san me? Murna suke yi. Kowa da hular kaba da madubin hangen nesa a wuya, suka kama tafiyar ƙasa har suna rige-rige, Mai Girma na biye yana haki.

Aka fara da al'ada. Tun ran Laraba an gargaɗe mu. An ce Bubayero makiyayi ya cire agogonsa ya ɓoye rediyo, wai ba su dace da Bafillace ba. An ce mata su kau da kwanonin samira su fito da tsofaffin ƙore. Mu kuma maza aka jera mu a gonar da ko ɗigon ruwa bai taɓa ba, aka ce mu yi noman gayya. Makaɗi na kiɗa, muna saran busasshiyar ƙasa, fartanya na tsalle tana dawo mana. Wani baƙo ya tambayi tafinta me muke nomawa. Maiwada ya amsa daga cikin layi, "Gaya masa umarni muke nomawa, bana ya yi kyau." Tafinta mai hankali ne, bai juya wannan ba.

Sai tafki. Toka baƙa ƙirin ta kewaye shi, rumfa na tsaye, kujeru a jere. Can tsakiyar ruwa akwai 'yan gauraka da kirinjijiya da suka tsira daga wuta da maharba. Baƙi suka duƙa, suka sa yatsa a baki, suna sanɗa kamar masu kamun fara. Wata tsohuwar Baturiya mai wando, wadda ga alama ita ce uwar tafiyar, ta ɗaga madubinta a hankali.

Daidai nan Mai Girma ya tuna ba a yi wa baƙi gaisuwar girma ba. Ya ɗaga hannu. 'Yan bindiga da aka ɓoye a bayan rumfa suka saki adaka gaba ɗaya.

Da hayaƙi ya washe, ko belbela babu. Na hango su can sama sun miƙa gabas, ba sallama. Tsohuwar ta zauna daɓas a cikin toka, ta cire hula ta ɗora a gwiwa. Mai Girma ya ɗauka daɗin tarba ne ya kayar da ita, ya ce a ƙara ɗaya.

Aka kawo abinci. Tsohuwar ta ɗauki cinya, ta juya ta, ta tambayi naman mene ne. Mai Girma ya washe baki ya ce, "Dinya ce, ta tafkin nan, ko kwana ba ta yi ba." Ta ajiye cinyar a hankali kamar mai ajiye gawa. Ranar 'yan bindiga sun ci nama har sun raina shi.

Suka juyo, suka taru a inuwar tsamiyata suna jiran direba ya juya mota. Sai shamuwa ta sauko da tsinke a baki, ta dira a sheƙa. Ita ba ruwanta da bindiga, da mu ta saba, ta ji abin da ya fi haka. Wani ya ɗaga kai, ya taɓa na kusa da shi. Kafin ka ce me, madubai sun koma sama. Sheƙa nan, sheƙa can, har reshen da ni ban taɓa lura da shi ba. Suna ɗaukar hoto, suna rubutu, suna raɗa. Tsohuwar nan ta rungumi gindin tsamiyar, rigarta ta kwashi farar ƙasa, ba ta damu ba. Ta sa tafinta ya tambaya, wa ke kula da wannan itaciya haka?

Na gyara murya. Kakana, ubana, ni, duk na jero su a bakina.

Mai Girma ya riga ni. Yana tsaye dab da tabarmata, dugadugansa na taɓa zarto, ya ce, "Mu ne. Mun daɗe muna sa ido a kanta. Ba ku ga ko hanya ba mu yarda ta bi ta kanta ba?"

Aka yi tafi raf-raf. Gwadabe, wanda ya dawo daga barkar suna a daidai lokacin, ya fi kowa tafi.

To, tsamiya ta tsira, alhamdu lillahi, ban raina ba. Amma shekaranjiya sai ga babbar mota da waya mai ƙaya da wani allo mai rubutun Turanci. Aka kewaye tsamiyar. Aka kawo mai gadi, wani Maikuɗi, wanda Allah ya nufa ƙanen matar Mai Girma ne. Ba a ɗaure jaki, ba a zama, ba a tsinka. Jiya Hure za ta dama kunu, na ɗauki gora na nufi itaciyar kakana, Maikuɗi ya tare ni da kulki.

"Baba, yi haƙuri, an hana."

"Wa aka hana?"

"Mutanen gari. An ce ku ne ke ɓata daji."

Na waiga gabas na dubi tokar bakin tafki, na dubi gorata, na ce masa, "To."

Yanzu a tsallaken hanya nake zama, cikin rana, ni da jakina da safarsa, don ruwan da zai wanke ta bai sauka ba tukuna. Maikuɗi kuwa ya shimfiɗa tabarmata, wadda har yau ba a dawo mini da ita ba, daidai ƙarƙashin sheƙar, yana sharar barci tun hantsi har la'asar. Ban tashe shi ba. Ga alama shamuwa ta ji umarnin nan na cewa duk abin da ba ya motsi a bakin hanya a shafa masa fari, kuma tun daga hularsa ta faro da kashinta, yau ta kai kafaɗa. A duk ma'aikatan da aka turo mana, ita kaɗai na ga tana aikinta kullum ba ta ce a kawo fetur ba.