Maƙalin Manya da Gutsuren Doyata

Yau na wayi gari da kaji arba'in jiƙe cikin attarugu da albasa, da takarda guda wadda babu hatimi a jikinta. Gobe Asabar ake tseren kwalekwalen masunta, ranar da duk mai gasa kaza a garin nan yake jira tun farkon shekara. In ba hatimi ba rumfa, in ba rumfa kuwa karnukan unguwa ne za su ci kajin.

Awa biyu na yi a layin mai, awa guda a kan bencin Kwamitin Kula da Hayaƙi. Da layi ya zo kaina, matar da ke bayan taga ta tambaye ni ko ina da ma'aunin zafi, ko ɗago kai ba ta yi ba. Na ce ina da shi, mai dogon tsinke da waya, ƙanwata ce ta aiko mini. Ta ce to ina maƙalinsa?

Ga wanda bai taɓa tsayuwa gaban murhu ba, tsinken nan ba a kwantar da shi a kan itace, don zafin itacen zai faɗa maka. Dole a sami abin da zai ɗaga shi kusa da nama. Mu nan doya muke gutsura, mu soke tsinken ta cikinta, mu zaunar da ita tsakanin kaji. Ba ta narkewa, ba ta zamewa, in ta ƙone ka yanko wata.

To amma manyanmu, Allah ya ƙara musu lafiya, ba sa son talaka ya wahala da tunani. Sau uku kwamitin nan ya tashi zuwa ƙasashen sanyi don ya gano yadda ake riƙe tsinke. Sun duba mai maganaɗisu, sun duba mai ƙafa uku, sun huta, sun sake dubawa. Bayan wata goma sha huɗu da liyafa biyu, shugaban kwamitin, Mai Girma Uban Hayaƙi, ya tsayar da wani ɗan ƙarfe mai kama da abin maƙale wanki a igiya, da tambarin kwamiti a gadon bayansa. Shi matar ta turo mini ta ƙasan taga, ta ce mai duba zai zo da la'asar.

Bakin abin nan, jama'a, siririyar ragar waya aka yi wa shi. Mu kuwa a kan ɗanyun sandunan fimanto, wani itace mai ƙanshi, muke shimfiɗa kaza, kowace sanda kaurin wuyan hannu, mu rufe da kwanon rufi. A cikin wata goma sha huɗu ba wanda ya tsallaka titi ya leƙa murhu ko ɗaya.

Yallaɓai Mai Duba Wutar Talakawa ya iso cikin farar riga, ya tsaya can inda hayaƙi ba ya bi. Ya ce in maƙala abin a gabansa. Na buɗe bakin ƙarfen iya buɗuwarsa, na tura shi kan sanda, ya yi tsalle ya faɗa cikin garwashi. Mis Icilda, mai rumfar da ke jikin tawa, wadda ta fara gasa kaza tun ina rarrafe, ita ta tsamo shi da cokali mai dogon hannu.

"Ga ɗanku nan, Yallaɓai," in ji ta. "Bai saba da wuta ba, ɗan manya ne."

Bai yi dariya ba. Idonsa ya sauka kan doyata, tana zaune tsakiyar kaji tana aikinta, ya tambayi ko mece ce wannan. Na ce doya ce, ranka ya daɗe. Ya ce doya ba ta cikin jerin kayan da aka amince da su, ya soma rufe fayil. Na dubi fayil, na dubi bokitan kajina.

Mis Icilda ta goge hannu a zani, ta ce a ara mata takardar ta gani, tunda ta bar tabarau a gida sai ta matso da ita kan hanci. Tambaya ɗaya ce tal a ciki: shin tsinke yana cikin maƙalin kwamiti? I ko a'a. Ta miƙa masa takardarsa, ta zare tsinkena daga doya, ta zura shi cikin maƙalin, ta maƙale a gefen kwanon rufi ta waje. Ya kama daram. Tsinke ya juya wa kaji baya, ya fuskanci teku.

Ma'auni ya nuna digiri talatin da ɗaya. Yallaɓai ya duba, ya gyaɗa kai, ya zagaye "I", ya hura wa hatimi iska ya danna.

Da na yi shiru da ya fi mini, amma bakina bai san ranar hutu ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, a talatin da ɗaya ai ko kazar ta yi mako a nan ba za ta gasu ba."

"Mas Vernal, babu gurbin wannan a takarda," in ji shi. "Zafi aikin wani kwamiti ne, ba a kafa shi ba tukuna."

Ya gargaɗe ni kada in kuskura in cire tsinken daga inda ya gan shi har a tashi taron tseren gobe, sannan ya sa aka naɗe masa cinya biyu don bincike.

Saboda haka rumfata ta samu, kuma ina godiya. Kafin manya su sa baki, na san zafin da ke cikin murhuna. Gobe sai dai in ɗora tafin hannu a kan kwano in yi ƙiyasi, in tsaga cinya in duba ƙashi. Masu kwalekwale kuma, duk wanda ke son jin yadda iskar teku take kafin a fara tsere, ya biyo ta wurina. Awon nawa mai hatimi ne.