Sanarwar Rasuwar Ntombi, A-kori-kurar Mthulisi Tshuma

Da zuciya cike da baƙin ciki, da ɗan haushi kuma da ba zai ɓoyu ba, Mthulisi Tshuma na Bulawayo, ƙasar Zimbabwe, yana sanar da 'yan'uwa rasuwar motarsa Ntombi, a-kori-kura mai shekara ashirin da shida. Ta cika ranar Talata da hantsi a gefen hanyar Mchinji, ƙasar Malawi, saura kilomita bakwai ta sauke amanar da ta ɗauko.

Amanar ita ce kakarsa, Gogo. Tsohuwar ta ce kafin idonta ya gama dushewa sai ta ga 'ya'yanta huɗu da neman abinci ya watsa ƙasashe huɗu. Mako biyar marigayiyar tana wannan hidima.

An shaide ta da haƙuri. Kullum da safe takan yi tari uku, kaf-kaf-kaf, ta ɗan yi tunani, sannan ta tashi. Ba ta taɓa ture akuyar kowa ba. Ta sha layin kan iyaka cikin rana ba ta ce uffan ba.

Ciwon ajalinta kuwa alheri ne. Baffa na Francistown, ɗan Gogo, ya ɗora mata buhun dawa biyu da ƙofar ƙarfe. Gwaggo ta Katima Mulilo ta ƙara busasshen kifi da tukunyar ƙarfe mai ƙafa uku wadda sai ƙarti biyu ke iya ɗaga ta. Na Lusaka, don kada a ce an fi shi, ya kawo katifa, gawayi da keken ɗinki. Mthulisi ya yi ta maza ya ce, "Gogo, motar nan fa ta zauna." Gogo ta ce, "To ka zaɓi ɗan da zan mayar wa kyautarsa, ka je ka faɗa masa da bakinka, direban banza." Bai zaɓa ba.

A tsaunukan Luangwa motar ta fara nishi, hiii-hiii, kamar mai naƙuda. Ya ba ta ruwa, ya ba ta baƙin mai, ya lallashe ta da sunanta. Ta daure har ta tsallaka iyaka ta ƙarshe, ta ce fuuu, shi ke nan.

Ta rasu ta bar mai ita, da tayoyi huɗu masu sanƙo, da kayan mutane, da Gogo, wadda har yanzu tana zaune a kujerar gaba da jakarta a cinya. An kawo keke, an kawo amalanken shanu, ta ƙi sauka. Ta ce shekara goma sha tara ba ta ga autarta Sithabile ba, ba za ta shiga gidan surukai kamar buhun masara ba. A mota ta fito, a mota za ta isa.

Don haka za a ɗauki gawar gobe da ƙarfe bakwai na safe zuwa ƙofar gidan Sithabile, inda za a kwantar da ita ƙarƙashin mangwaro. Gogo za ta kasance a ciki. Ana roƙon masu zuwa jana'iza su karya kumallo sosai, su sa takalmi mai ƙwari. Turi za a yi, kuma hanyar hawa ce.