Marsandin da Ta Ƙi Mutuwa

"Mama, in Bajamushe ya yi tari a cikin injin, ni na san abin da ya ci!"

Wannan maganar Uzairu ce, mai neman 'yata Sa'adiya, kuma shi ne ya hana ni barci kwanakin nan. Ɗalibi ne a jami'a, yana haya a unguwar Glenwood, nan ƙasar Turawa da muke zaune. Jamus kuwa iyakarsa filin jirgi, inda ya canza jirgi ya sha shayi. Amma tun da ya sayi wata tsohuwar Marsandi mai shan dizal, ƙirar saba'in da tara, 'yan'uwansa ɗalibai suka raɗa masa Injiniya Na-Jamus. Shi a ganinsa sarauta ce.

Ko ruwa ka roƙe shi sai ya ba ka tarihi. Wai sunan Marsandi na 'yar wani dillalin mota ne. Wai matar wanda ya fara ƙera motar a kantin magani ta sayi mai. Sa'adiya ta ce waɗannan gaskiya ne. To, gaskiya biyu ake naɗe ƙarya goma da su.

Ranar da zai je gaida Alhaji Abdulhamid, wan mahaifin Sa'adiya kuma waliyyinta, gogan ya buɗe bonet da safe don ya yi wa injin kwalliya. Ya ga wani siririn tiyo ya tsufa, bai yi masa kyau a ido ba. Ya fizge ya jefar.

"Kayan nauyi ne kawai," in ji shi.

Ya sha babbar riga, ya iso gidan Alhaji a Summerfield yana ɗaga wa dawakin maƙwabta hannu. Ni ina kicin ina leƙe. Ya tsaya a bakin tagar falo, ya murɗa makulli, ya zare. Mota na ta kwakwazo: kar-kar-kar.

Ya mayar da makulli, ya sake zarewa. Kar-kar-kar.

Alhaji ya fito da carbi a hannu. "Malam Uzairu, ba ka kashe motar ba."

"Baba, ai tana hucewa ne. Haka Jamusawa suka tsara ta, ba ta mutuwa da gaggawa kamar 'yan Japan."

Aka shiga falo. Ya durƙusa, ya fara, "Na zo ne, Baba..."

"Me ka ce?"

"NA ZO NE!"

"Ai na gani!"

Baƙin hayaƙi na shigowa ta taga, Hajiyar gidan na tari, ƙararrawar gobara ta kama ihu a silin. Uzairu ya fita a guje yana tattare riga.

"Batir zan cire, yanzu za ta yi ladabi."

Ya cire batir, ya ɗauke shi cak kamar jariri, ya dire a gaban Alhaji. Kar-kar-kar. Daga baya muka ji cewa irin wannan injin in ya tashi ba ruwansa da batir, kuma da zuƙar iska ake kashe shi, ta wannan tiyon da sarkin gwaninta ya jefar.

Alhaji ya leƙa cikin injin, ya nuna wani ɗan jan ƙarfe. "Wannan fa?"

"Kul, Baba! Kar ka taɓa! Wannan sai a masana'anta. In ka danna, injin tarwatsewa zai yi."

Ya zagaya baya, ya cusa tsumma a salansa. Mota ta yi shiru kamar mai tunani, sannan ta tofo tsumman da baƙin toka a ƙirjin farar shaddarsa. Dawakin maƙwabta suka watse. Bature mai dawakin ya leƙo ta shinge yana faɗin abin da ba zan rubuta ba.

Uzairu ya dawo gaba, gumi sharkaf, ya dafa injin don ya yi wa Alhaji bayanin inda matsalar take. Tafin hannunsa ya sauka a kan jan ƙarfen nan. Ɗif! Mota ta mutu. Ashe ƙarfen na kashe injin da hannu ne.

Shi kuwa har ya rufe ido yana jiran fashewa. Da ya ji shiru, sai ya buɗe ido ɗaya, ya gyara hula.

"Kun gani? Sai mai ita."

Ya mayar da batir, ya haɗa wayoyin a juye. Tartsatsi ya tashi, wani abu ya yi ƙauri, Marsandi ta ƙi tashi ƙememe. Motar jan motoci ce ta ɗauke ta, Injiniya na zaune gefen direba da baƙin ƙirji.

Kafin su tashi ya leƙo. "Baba, maganar da na zo da ita fa?"

Alhaji ya ce, "Je ka koyi kashe abin da ka kunna tukuna. Aure ba ya zuwa da jan ƙarfe."

Sa'adiya dai ta kafe, wai shi take so, wai yana ba ta dariya. Jiya kuma ya bugo waya, ya ce injin wankina yana wata ƙara da ba ta yi masa ba, gobe zai zo da sufana. Jama'a, in ba shi 'yar, ko in fara ɓoye injin wankin?