Rasuwar Si Hijau, Motar Ungozoma

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, ni Wan Deraman, tsohon malamin firamare, tare da 'yata Zaharah, muna sanar da 'yan'uwa da maƙwabta na gaɓar tekun Marang rasuwar motarmu Si Hijau, wato Koriya. Ta cika ranar Talata da hantsi, a kan jak, a gindin kwakwar ƙofar gida, tana da shekara talatin da ɗaya. A hannuna ta cika, kuma hannun nawa ne sanadi.

Marigayiyar ba tawa ba ce tun asali. Ta matata ce, Mek Limah ungozoma, Allah Ya jiƙanta. Rabin masuntan da ke tura jirgi a gaɓar nan, Si Hijau ce ta kai wadda ta yanke musu cibiya. Uku ma a kujerar baya aka haife su, don gaggawa ta hana su jiran asibiti. Ta ratsa ambaliya tara, ta sha iskar gishiri ba ta taɓa ƙorafi ba. Ba ta da shan mai, ba ta da girman kai, ta ɗauki amarya ta ɗauki buhun busasshen kifi a rana guda.

Aibinta ɗaya ne. Duk ramin da ta faɗa sai ta ce "gudum-gudum" daga baya. Mek Limah kuma sai ta daddaɓa sitiyari ta ce, "Na ji, tsohuwa, na ji. Mun kusa." Shekara biyu ke nan motar tana magana babu mai amsa mata. Na gwada sau ɗaya, ban sake ba.

Jinyar ta fara ne da Zaharah ta zo hutu. "Abah, ko a kashe ƙarar nan ko a sayar da ita," in ji ta. "Ba zan sa 'ya'yana a motar da ke tari ba." Ni kuwa ba zan iya kallon baƙo a kujerar Mek Limah ba. Na kai ta wurin Ah Huat, bakaniken da ya san ta tun tana sabuwa, wanda ke kirana Cikgu, wato malam.

"Cikgu, robobin bushin ne suka mutu, na gadon ƙarfen da ke ɗauke da ƙafafun baya," ya ce. "Amma tsatsa ce ke riƙe da motar nan. Na gaya wa matarka tuntuni, ta ji. Kai ma kada ka buɗe."

Na ce a raina lalaci ne ke damun tsohon. Ni da na koyar da kimiyya shekara talatin, roba huɗu za su gagare ni? Na sayo sababbi, na tura su firiza tsakanin kifaye don su tsuke su shiga da sauƙi. Na ɗaga motar da jak, na shimfiɗa tabarma, na shige ƙarƙashinta da sifana. Noti uku suka fito lafiya, har na fara tsara baƙar maganar da zan gaya wa Ah Huat. Na huɗun ya fito da naman jikinta, faɗin faranti. Tsatsa ta zubo mini a fuska kamar garin kofi. Ina janye jikina bayanta ya sauka. Ta ce "gudum", sau ɗaya tak.

Ah Huat ya zo a babur, ya kwanta ya leƙa, ya tashi ya cire hula. "Ba inda walda za ta kama, Cikgu." Ya mayar da hularsa. Da ma zagina ya yi.

Si Hijau ta rasu ta bar ni, da Zaharah wadda tun ranar take kuka tana cewa laifinta ne, alhali ba nata ba ne. Ta bar taya biyar, da lemar Mek Limah a but, da robobi huɗu marayu da har yanzu suke cikin firiza, na kasa fito da su.

'Yan gwangwan za su zo ɗaukar ta ranar Alhamis bayan la'asar. Kujerar direba ba za ta bi su ba. Za a raba shayi a baranda. Ana roƙon masu ta'aziyya kada kowa ya ce mini ai ƙarfe ne kawai.

Roƙo na ƙarshe ga duk wanda ya taɓa ɗaukar bidiyo a cikinta, na biki ko na suna, lokacin da Mek Limah ke tuƙi: don Allah ya duba wayarsa. Ba hoton nake so ba. Inda ta faɗa rami nake nema, da abin da aka amsa mata.